Amanar Jirgi Ba Ta Mutum Ɗaya Ba Ce

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada da hantsi, ya ɗaga kai ya hangi ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suna shawagi bisa rufin kwano, zai zaci matuƙi kaɗai ke riƙe da amanar, alhali kuwa akwai ma'aikacin hasumiya da makanike da mai duban yanayi, waɗanda muddin maganarsu ta saɓa, gwanintarsa ba ta da fa'ida.

A 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu suka yi karo cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, jirgin KLM, ya yi shakka, har ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin tashi, amma da kyaftin ya amsa da gadara, sai ya ja bakinsa.

Mu da aka rena bisa kunyar manya, lalle wannan ƙissa ta fi shafarmu. Saboda haka ina roƙon malaman kwalejin su riƙa haɗa ɗaliban tuƙi da na hasumiya a aji ɗaya, kai har akushi ɗaya, domin ƙarami ya saba cewa “Ranka ya daɗe, dakata” ba tare da fargaba ba.