Ta Giyad ko ta Waje: Wace Mota Za Mu Saya?

'Yan uwa, tun da mutanenmu suka fara komawa Hartum da Umdurman, muhawarar mota ta dawo majalisunmu. Wasu sun ce Toyota Corolla, wasu sun ce Accent ta Giyad, domin ta gida ce.

A ganinmu, tambayar ce ke bukatar gyara. Masana'antar Giyad, wadda aka buɗe a 2000 kudu da Hartum, haɗa motar ta riƙa yi. Injin na Hyundai ne, daga Koriya. Ashe ta gidan ma baƙuwa ce da ta sa rawaninmu.

Abin da ke kashe inji a ƙasar nan sananne ne: zafin da ke haura digiri 40, da ƙurar habub mai toshe matatar iska, da gurɓataccen baƙin mai. Saboda haka mota mai aminci ita ce wadda bakanikenka ya san cikinta, kuma kayan gyaranta na nan a kasuwa. Corolla ta fi juriya, Accent ta fi sauƙin kuɗi; kowa ya auna aljihunsa.

Amma akwai abin da ya fi inji nauyi. Tun Afrilun 2023 an wawushe motocin bayin Allah masu yawa, wasunsu kuwa na dawowa hannun dillalai da farashi mai ruɗi. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi motar da ba takardu ya sayi hawayen wani, kuma gobe mai ita na iya ganinta a ƙofar gidansa. Mu duba lambar shasi, mu tabbatar da takardu a ofishin 'yan sandan hanya, kafin mu buɗe bonet.

Allah Ya ciyar da mu halal.