Bayan Dashen Ƙoda, Funfuna Ma Abokiyar Gaba Ce

Tun daga 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wasu kuma suna tafiya Indiya ko Masar. Dangi kan haɗa kuɗin tiyata da na jirgi, a yi addu'a, a ɗauka an gama. A ganina, lissafin da bai haɗa da rigakafin cututtukan funfuna ba lissafi ne gurgu.

Dalili kuwa shi ne, domin kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, ana ba majiyyaci magunguna irin su tacrolimus ko cyclosporine, waɗanda ke raunana garkuwar jiki da gangan. Da zarar garkuwa ta yi rauni, ƙwayoyin da lafiyayye ke shaƙa kullum ba tare da illa ba sai su sami ƙofa. Aspergillus, da ke cikin ƙura da taki da hatsin da ya yi funfuna a rumbu, yana kama huhu. Cryptococcus, da ake samu a kashin tantabara, yana haddasa wani nau'in sanƙarau, sau da yawa bayan shekara guda ko fiye da yin dashen. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin funfuna 19 masu barazana ga ɗan Adam, waɗannan biyun kuma suna cikin rukunin mafi haɗari.

Rigakafin ba mai wuya ba ne. Likitoci kan rubuta co-trimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, na tsawon wata 6 zuwa 12, domin kare huhu daga Pneumocystis. Sauran kuma aikin gida ne: a nisanta majiyyaci da ɗakin tantabara da kaji, da casar hatsi, da wurin da ake gini ko rusau, ya kuma sa takunkumi idan ƙurar hunturu ta taso.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis. Ana sayar da fluconazole ba tare da takardar likita ba, alhali shi da voriconazole suna hana hanta sarrafa tacrolimus, sai maganin ya taru a jini har ya cutar da ƙodar da aka sha wahalar samu. Amphotericin B, da ake bayarwa idan cuta ta yi tsanani, shi ma yana wahalar da ƙoda, nau'insa mai sauƙin illa kuma yana da tsada ƙwarai.

Saboda haka duk gidauniyar da za a kafa wa mai dashe ta ware kason magani da gwajin jini na aƙalla shekara guda. Asibitocinmu su riƙa ba iyali bayani a rubuce da Hausa kafin sallama. Zazzaɓi, tari ko ciwon kai mai naci a jikin mai dashe kuwa, maganar likitansa ce a ranar, kafin a saya masa ko da ƙwaya ɗaya.