Tsakanin "Ba Duka Ba" Da "Babu Ko Ɗaya"

Shekaru kaɗan da suka wuce, a wata makaranta da na taɓa koyarwa, an liƙa sanarwa a allon sashe game da wani tallafin karatu, kuma jimlar farko cewa take: "All students are not eligible." Ɗalibai suka karanta, suka kaɗa kai, suka watse, domin a fahimtarsu an ce babu wanda ya cancanta. Sai da wa'adin cike takardu ya kusa ƙarewa aka gano cewa abin da jami'in yake nufi shi ne ba kowa ne ya cancanta ba, akwai sharuɗɗa a ƙasan takardar. Wasu sun samu sun cike a gurguje, wasu kuwa ya wuce su. Da na tuntuɓi wanda ya rubuta, sai ya kafe cewa Turancinsa daidai ne, kuma abin takaicin shi ne yana da gaskiya. Su ma ɗaliban suna da gaskiya.

Matsalar tana cikin yadda Turanci yake haɗa kalmar korewa, wato "not", da kalmomin da ke nuna yawa, irin su "all" da "many" da "both". Idan "all" ta zo a farkon jimla, "not" kuma ta zo can kusa da aikatau, jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu: ko dai korewar ta shafi kowa da kowa, ko kuma ta faɗa kan kalmar "all" ita kanta. Bature idan yana magana da baki, muryarsa ce take raba gardama, domin yakan ɗaga ta a kan "all" ya kuma lanƙwasa ta sama a ƙarshen jimla idan "ba duka ba" yake nufi. Takarda kuwa ba ta da murya. Masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, ya tattauna wannan gini a littafinsa kan korewa da ya fito a 1917, inda ya nuna cewa tsohon abu ne a Turanci, manyan marubutansu ma sun yi amfani da shi da ma'anar "ba duka ba". Saboda haka ba za a ce kuskuren 'yan koyo ne ba.

Mai karatu zai lura cewa Hausa ba ta cika barin wannan ƙofa a buɗe ba. Muna da "ba" guda biyu da suke kewaye abin da ake korewa kamar shinge. Idan na ce "ba duk ɗalibai ne suka cancanta ba", shingen ya kama "duk". Idan na ce "duk ɗaliban ba su cancanta ba", kowa ya san an sallami kowa. To, Bahaushen da ya ga "All students are not eligible" yakan jera ta kalma bayan kalma a kan jimla ta biyu, ya ɗauki ma'ana mafi tsanani. Nan ne nake tausaya wa masu fassarar labarai a gidajen rediyo da jaridu, domin idan kwamishina ya ce "All the workers have not been paid", mai fassara ba shi da damar ya bar maganar a dunƙule kamar yadda ya same ta. Dole ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓin nasa shi ne bambanci tsakanin jinkirin albashin wasu tsiraru da labarin da zai iya tayar da yajin aiki.

Akwai wani abin mamaki da Laurence Horn, masani a Amurka, ya yi dogon bayani a kai cikin littafinsa na tarihin korewa a 1989. Turanci yana da kalma guda ta "duka", da ta "wasu", da ta "babu ko ɗaya", wato "all" da "some" da "none", amma ba shi da kalma guda da ke nufin "ba duka ba", kuma haka abin yake a harsuna da dama. Dalilin da ya bayar shi ne, wanda ya ce "wasu sun zo" ya riga ya nuna a fakaice cewa ba duka suka zo ba, don haka harshe bai ga buƙatar ƙera wata kalma ba. Mu ma da kalmomi uku muke faɗinta.

Haka abin yake da "many", sai dai a nan ma'anonin biyu suna da jimlolinsu daban, mutane ne suke ɗaukarsu abu guda. A ɗauka manoma 1,000 ne a ƙaramar hukuma, 600 suka samu taki, 400 ba su samu ba. "Many farmers did not get fertiliser" gaskiya ce, domin 400 ba kaɗan ba ne. "Not many farmers got fertiliser" kuwa ƙarya ce, domin 600 sun samu. Ɗan adawa zai iya faɗin ta farko, mai sauraro ya tafi da ta biyu, kuma babu wanda zai iya kama shi da laifin ƙarya. "Both" ta fi su haɗari: likitan da ya rubuta "Both drugs should not be taken" bai bayyana ko kada a haɗa magungunan biyu yake nufi ba, ko a daina kowannensu.

Wani tarkon kuma ba a ganin "not" a cikinsa sam. Harafi guda ne ya raba "few" da "a few", da kuma "little" da "a little", amma na farkon kowanne korewa ce a ɓoye. "There is little hope" na nufin da wuya a kai labari, "There is a little hope" kuwa akwai ɗan abin da za a riƙe. Shaidar cewa "few" korewa ce ita ce tana jawo kalmomin da ke bin korewa, kamar "ever" da "any": ana cewa "Few people have ever seen it", amma ba a faɗin haka da "a few". Sannan sai a zo ga "quite a few", wadda duk da kalmar ƙaranci da ke cikinta, yawa take nufi. Na sha ganin ɗalibai masu ƙwazo sun amsa tambayar fahimtar rubutu a juye saboda wannan kaɗai.

Game da korewa biyu a jimla ɗaya, irin "I don't have nothing", ba na goyon bayan malaman da ke cewa rashin hankali ne. Robert Lowth ne, a littafin nahawunsa na 1762, ya taimaka wajen yaɗa dokar cewa korewa biyu suna kashe juna, alhali Chaucer a ƙarni na 14 yakan jera har uku ko huɗu a jimla guda, kuma Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci haka suke yi a daidaitacciyar magana. Miliyoyin Turawan Ingila da Amurka haka suke magana a gida, babu kuma wanda yake fahimtar cewa mai maganar yana da wani abu. A gaya wa ɗalibi gaskiya: ba a karɓar wannan gini a jarrabawa da wasiƙar neman aiki, iyakar abin ke nan.

Inda nake ganin ya kamata malamai su tsananta shi ne wurin da ake asara, ba wurin da kunne kawai yake jin baƙon abu ba. Muna ɓata makonni muna hana yara jimlar da kowa ya san ma'anarta, muna ƙyale wadda take da fuska biyu domin ta yi kama da Turancin ofis. Mai rubuta sanarwa ko yarjejeniya ko umarnin shan magani ya bar "All... not" gaba ɗaya: ya rubuta "Not all" idan wasu yake nufi, ya rubuta "No" ko "None" idan kowa yake nufi. Mai fassara kuma, idan jimlar ta iso shi a rubuce, ya ɗaga waya ya tambayi wanda ya yi maganar ko ma'aikata nawa ne ba a biya ba kafin ya shiga ɗakin watsa labarai.