Ku Ajiye Almakashi, Ku Buɗe Ƙofar Aji

Jama'ar Gombe, iyaye da malamai, daga Jekadafari zuwa Tumfure, daga Bolari zuwa Pantami, lokaci ya yi da za mu tsaya mu dubi abin da ake yi wa kawunan 'ya'yanmu da sunan tarbiyya. Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a ƙasar nan ya san safiyar Litinin. Ana tsaye a layi, malamin horo yana zagayawa da almakashi a hannu, ya damƙi kan yaro, ya datse masa suma a tsakiyar ka, ya bar sauran. Ɗaruruwan ɗalibai su fashe da dariya. Yaron ya wuni a aji da hannu a ka, ba ya jin ko kalma ɗaya daga abin da ake koyarwa. Mun saba da wannan har mun daina ganinsa. Ni kuwa na ce wulaƙanci ne, kuma ya kamata a daina shi a kowace makaranta a garin nan, ta gwamnati ce, ta kuɗi ce, ko Islamiyya.

Kada wani ya ce ina kira a bar yara sakaka. Makaranta tana da haƙƙin ta ce a zo da kai a wanke, a taje ko a kitse. Kwarkwata da makero gaskiya ne, kuma a ajin da yara suka cunkushe suna yaɗuwa nan da nan. A ɗakin gwaji da wajen koyon sana'a, dole a ɗaure gashi saboda wuta da inji. Wannan duk hankali ya ɗauka. Abin tambaya shi ne inda doka ta tashi daga tsafta ta koma hukunta asalin mutum: wane gashi ne ake kira na 'yan kirki, wanne ake kira na 'yan iska ko na 'yan ƙauye, kuma wa ya yanke haka?

Ba mu kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. A watan Agusta na 2016, 'yan mata baƙar fata a makarantar sakandaren mata ta Pretoria, a Afirka ta Kudu, suka fito zanga-zanga saboda malamai suna matsa musu su miƙar da gashinsu, wai yadda Allah ya halicce shi bai dace da makaranta ba. Cikin waɗanda suka ja gaba har da Zulaikha Patel, tana da shekara 13. A ƙasarsu ta gado, shekara 22 bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata! Kuma sun san daga ina abin ya samo tushe, domin a zamanin wancan mulki akan soka wa mutum fensir a gashi, in ya maƙale a ce ba Bature ba ne, a rubuta shi a wani jinsin da za a tauye masa haƙƙi. A Amurka ma, a watan Disamba na 2018, an tsayar da wani ɗalibi ɗan kokawa, Andrew Johnson, a jihar New Jersey, aka ce ko a yanke masa murɗaɗɗen gashinsa nan take ko ya rasa wasan, aka datse shi a gaban jama'a. Hoton ya zaga duniya. Shekara ta gaba jihar Kalifoniya ta zama ta farko da ta kafa dokar hana nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda irin gashinsa.

Na san abin da wani zai ce: ai wannan tsakanin Bature ne da baƙar fata, mu nan duk ɗaya muke. To mu leƙa Gana. A 2021 makarantar Achimota, wadda ta yaye Kwame Nkrumah, ta ƙi karɓar yara biyu mabiya Rastafari, Tyrone Marhguy da Oheneba Nkrabea, sai sun aske. Baƙar fata ne suka kori baƙar fata, da dokar da suka gada daga makarantun zamanin Turawa. Babbar kotu a Accra ta yanke hukunci a ƙarshen watan Mayu na shekarar cewa a karɓe su. Kotun Kenya ta yi irin wannan hukunci a 2019, ta Malawi a 2023. Bature ya tafi, amma ma'auninsa na kyan gani da kamala yana nan a hannunmu, muna auna juna da shi.

Mu Musulmin Arewa mun ɗanɗani wannan zafi, ba sai an ba mu labari ba. Wa ya manta da Firdaus Amasa, wadda aka hana ta shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a watan Disamba na 2017 saboda ta ƙi cire hijabi? Sai a watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. (Abin dariya, wurin da aka ce lulluɓinta bai dace ba, kowa sanye yake da farar hular gashi da aka kwaikwayo daga kotunan Ingila, a cikin zafin Abuja.) Wa ya manta da shari'ar ɗalibai mata na jihar Legas, wadda babbar kotun jihar ta yi watsi da ita a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2016, har Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da 'yancin sa hijabi ranar 17 ga Yuni, 2022, alƙalai biyar suka rinjayi biyu? Lokacin da Faransa ta hana lulluɓi a makarantun gwamnati a 2004, ta ƙara da hana abaya a 2023, mun yi tir a masallatai da gidajen rediyo. Mun yi daidai. Hujjarmu ita ce ba a tilasta wa yarinya ta zaɓa tsakanin karatunta da addininta.

To wannan hujja ba ta ƙarewa a kan hijabi. Mudun da muka buƙaci a auna mana da shi a Legas, da shi za mu auna wa wasu a Gombe.

Garin nan ba na ƙabila ɗaya ba ne, kuma bai taɓa zama ba. Tun da Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, har aka dawo da fadar nan Doma a 1919, har aka yanke jihar daga Bauci ranar 1 ga Oktoba, 1996, mutane iri-iri suke zubowa. Fulani, Hausawa, Tangale, Tera, Waja, Bolewa, Tula, Cham, Dadiya, Jukun, Barebari, ga Yarbawa da Ibo da suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan. A benci guda za ka sami 'yar liman da 'yar fasto, ɗan Kaltungo da ɗan Dukku. Kowannensu ya fito daga gidan da yake da nasa fahimtar abin da ake kira kunya da ado da kamun kai. Malamin da ya ɗauki al'adar gidansu ya mai da ita dokar makaranta, ba tare da ya tambayi kowa ba, ya zalunci rabin ajinsa ko da bai nufa ba.

Ku dubi ɗan Fulanin daji. Iyayensa sun yi ta jin kiraye-kirayen a sa yara a boko. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989 don wannan. Ranar da uban ya amince ya kawo ɗansa gari, da kitsonsa ko tukkunsa, me yake tararwa? Dariya, da sunayen raini, da malamin da zai ce a fara aske masa wannan ƙazantar kafin a rubuta sunansa. A 'yan shekarun nan ma abin ya ƙara muni, domin tun da ta'addancin daji ya yi ƙamari a Arewa maso Yamma, wasu sun mai da kitson saurayin Bafillace tamkar shaidar laifi. Wannan wariya ce tsantsa, ba ta da wani bambanci da ta fensirin Afirka ta Kudu sai dai ta yaren da ake yin ta. Yaron da aka tarba haka ba zai dawo gobe ba, ƙannensa ma ba za a kawo su ba. Sai mu koma taro muna jajanta yawan yaran da ba sa zuwa makaranta.

Ku dubi yarinya Kirista da ta zo da kitsonta a buɗe, mai tsafta, wani ya kira ta marar tarbiyya a gaban aji. Ku dubi yarinya Musulma a makarantar da mai ita ba Musulmi ba ne, ana ce mata ta tuɓe hijabi a bakin ƙofa ko ta koma gida. Ku dubi yaron Bayarabe da aka haifa da gashin da suke kira dada, wanda iyayensa suke ɗauka da muhimmanci ba sa bari a taɓa shi haka kawai. Ba sai na yarda da abin da suka yi imani da shi ba kafin in yarda cewa ba ni da hurumin sa masa reza ba da izinin uwarsa da ubansa ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali, sashe na 34 ya kare mutuncin ɗan Adam. Babu inda aka rubuta cewa waɗannan sassa suna tsayawa a bakin get ɗin makaranta.

Ga malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku, ku kuka fi ni sani, amma bari in tuna mana. Ya tabbata a hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana barin suma har ta kai fatar kunne, wani lokaci kafaɗa, kuma an ruwaito daga Ummu Hani cewa ya shiga Makka da kitso huɗu. Abin da aka hana, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar, shi ne a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. To malamin da ya kama yaro ya tsaga masa hanya a tsakiyar ka ya sake shi, wane ɓangare na wannan ya bi? Da hannunsa ya aikata abin da yake cewa yana hanawa. Idan kuma askin samarin zamani ne ke damun mu, wanda suke kwaikwayo daga 'yan ƙwallo, akwai nasiha, akwai kiran uba. An sha ruwaito 'yan Hisba a Kano suna tare samari a titi suna aske su, an kuma ga yadda abin ya jawo surutu fiye da gyara. Kada mu kwaso wannan mu kai makarantunmu.

Ga kuma maganar lafiya da ba a cika yi ba. Reza ɗaya ko injin aski ɗaya da za a bi kan yara goma da shi ba tare da an tsaftace ba, hanya ce ta yaɗa makero, in an yi rauni kuma har ciwon hanta. Wanzami na gari ma ya san da haka yanzu.

Saboda haka ga abin da nake kira mu yi, kuma ba sai mun jira wata doka daga Abuja ba.

Iyaye, ku daina tura yaro da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ku zauna a gida. Ku je taron da kanku. Ku miƙe ku ce a kawo dokar gashi da sutura a rubuce, a karanta ta da Hausa, da Fulatanci in akwai buƙata, kowa ya ji. A kan kowane layi ku tambaya: mene ne dalilinsa? In tsafta ce ko kariya daga haɗari, a bar shi, ya hau kan kowa daidai, ɗan kwamishina da ɗan mai tura baro. In babu dalili sai "haka muka tarar", a goge. Kuma Malam, in ka ji an taɓa 'yar maƙwabcinka da ba addininku ɗaya ba, kai ka fara magana kafin shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shugabannin makarantu da malamai, mun san wahalarku, aji cike, albashi ba ya kai wata. Amma ba kan yaro ne wurin huce haushi ba. In kai ya yi datti, a kira yaron gefe, a aika wa iyaye takarda, a ba su kwana biyu ko uku. In talauci ne ya hana aski, kwamitin makaranta ba zai gaza kuɗin aski ɗaya ba. Kada a sake aske kowa a filin taro, kada kuma a kori yaro daga aji ko ɗakin jarrabawa saboda gashinsa.

Ma'aikatar Ilimi ta jiha da hukumar ilimin bai-ɗaya, ranku ya daɗe, takarda ɗaya za ku fitar zuwa ƙananan hukumomi 11, ta shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu: an haramta aski a matsayin horo, an tabbatar wa mai hijabi hijabinta, an tabbatar wa wadda addininta bai ɗora mata lulluɓi ba cewa ba za a muzanta ta ba, an kuma buɗe ofishin da uba zai kai kuka a saurare shi. 'Yan majalisar jiha ku 24 ne, a samu ɗaya cikinku ya kawo ƙudurin. Jama'atu Nasril Islam da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya reshen Gombe su zauna a teburi ɗaya su duba daftarin, a kira shugabannin Fulani makiyaya su ma su sa baki, tun kafin wata rigima ta tilasta mana zaman.

Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Fastoci, ku faɗa ranar Lahadi. Masu shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon garin nan, ku buɗe layi iyaye su yi magana. Kai kuma da ka karanta wannan, taron iyaye da malamai na zangon nan, ka je, ka zauna a gaba, ka ɗaga hannu ka nemi a kawo takardar dokar.