Doctor Who da aka tsinta a Jos, da makomar kaset ɗin Samanja

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa a Jihar Kano, matashi zai miƙa wayarsa ga mai tura fina-finai, kafin ya gama gaisawa da mutane an cika masa ita da fassarar Indiya. Amma ya ce a tura masa Samanja Mazan Fama ko Kuliya Manta Sabo tun daga farko har ƙarshe, a nan ake yin ta. In ya taki sa'a, ya samu guntaye masu dishi-dishi da wani ya ɗora a YouTube.

Irin wannan asara ta taɓa faɗa wa gidan talabijin na BBC, kuma abin mamaki, daga Arewacin Najeriya aka share masa hawaye.

Shirin da ake magana a kai shi ne Doctor Who, wasan almarar kimiyya da aka fara nunawa a Birtaniya ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Jarumin, wanda ake kira Dakta, yana yawo tsakanin duniyoyi da zamunna a cikin wani jirgi mai siffar ɗan akwatin wayar 'yan sanda, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba.

A wancan lokaci kaset na da tsada, kuma ba a ɗauki wasan talabijin abin adanawa ba. Don haka BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shirye tana ɗaukar sababbi a kai, har zuwa 1978 da ta daina. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka juya a kan fim aka sayar wa ƙasashen waje, ciki har da Najeriya. Ƙa'ida ita ce idan tasha ta gama nunawa, ta tura wa wata tashar, ko ta mayar, ko ta lalata.

A Jos ba a yi ko ɗaya ba. An ajiye gwangwanayen fim ɗin a kan kanta, aka manta da su shekara da shekaru. A watan Oktoban 2013 BBC ta sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin shirye-shirye, Philip Morris, ya gano su a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke birnin. Kashi tara daga ciki babu su a ko'ina a duniya. Adadin waɗanda suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97.

Ɗaya daga cikin labarai biyu da aka gano, The Enemy of the World, wato maƙiyin duniya, zai yi wa manomin Zakirai ma'ana fiye da yadda ake zato. An nuna shi a ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968, amma an gina shi a kan shekarar 2018. Wani mutum mai suna Salamander ya ƙirƙiro hanyar tara hasken rana yana kai shi gonaki, amfani ya yi albarka, duniya ta ɗauke shi mai ceto daga yunwa. Ashe a ɓoye shi ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu don ƙasashe su durƙusa a gabansa. Ya kuma kulle wasu mutane a ƙarƙashin ƙasa, ya yi musu ƙaryar cewa yaƙin nukiliya ya lalata sama, suna ta yi masa aiki. Patrick Troughton ne ya fito a matsayin Dakta, shi ne kuma Salamander.

Kayan wasan sun tsufa, hoton baƙi da fari ne, wasu wuraren ma sai mai kallo ya yi dariya. Amma tambayar da ya ɗauko, ta wanda ya riƙe abincin jama'a ya riƙe wuyansu, ba ta tsufa ba. Duk wanda ya taɓa jiran takin gwamnati har damina ta yi nisa ya san ta. Da an bi ƙa'ida a Jos, da yau kashi ɗaya tak cikin shida na wannan labari ake iya kallo.

Sai dai kada a yi saurin tafi. Mantuwa ce ta adana waɗannan fina-finai, ba tsari ba. Labari na biyu, The Web of Fear, ya koma Landan babu kashi na uku, wanda Morris ya ce ya gan shi tare da sauran amma ya yi ɓatan dabo kafin a kwaso su.

Kuma sa'ar da fim ya samu, kaset ba zai same ta ba. Fim yana iya jure shekaru a wuri mai sanyi irin Jos. Kaset ɗin bidiyo, wanda a kansa aka ɗauki yawancin wasannin Hausa na shekarun 1980, zafi da ƙura da laima suna cinye shi, injinan kunna shi kuma an daina ƙera su. Haka ma fina-finan farko na Kannywood, tun daga Turmin Danya na 1990.

Masu wasannin ma suna ta tafiya. Kasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Allah Ya jiƙansu. Waɗanda za su kalli kaset marar suna su ce wannan wane ne, a wace shekara, suna raguwa.

An riga an ga cewa aikin mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata, sai aka gano shi a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin lura a nan shi ne sai da hannun baƙi ya shigo, kamar dai a Jos.

Matakin farko bai buƙatar jiran kowa. NTA Kano da NTA Kaduna da ARTV, wadda aka sani da CTV a da, su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su ƙirga abin da ke ciki, su wallafa jerin sunayen kowa ya gani. Daga nan a fara juya waɗanda suka fi tsufa zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, misali ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos da Gidan Arewa a Kaduna. Majalisar Dokokin Jihar Kano na iya tambayar ARTV wannan jeri a zaman kare kasafin kuɗi mai zuwa.

Sannan a sake su ga jama'a, a kan waya, cikin nauyin da ƙaramin data zai ɗauka. Mai tura fina-finai a Zakirai zai ƙarasa sauran aikin cikin mako guda.