KUNNENKA AMANA NE, KADA KA BAR SHI A HANYA



Wa ya taɓa sauka daga motar Kano zuwa Maiduguri ya ji kunnensa yana "ziii" har ya kwanta barci? Sai mu ce ai gajiyar hanya ce. A'a malam, kunne ne yake kai ƙara.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 bai kamata a wuce awa 8 a cikinta ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. To ka haɗa injin tsohuwar Golf, salansa a fashe, iska na bugawa ta taga, ga sifika an ƙure. Ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Zan faɗi wadda wasu ba za su so ba. Ko wa'azi ka kunna, ko karatun Alƙur'ani, in ka ƙure sauti illar ɗaya ce. Ladan yana cikin sauraro da natsuwa, ba cikin ƙarfin sifika ba. Suratul Isra'i aya ta 36 ta sanar da mu cewa ji yana cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu.

Ta biyu: man zaitun yana tausasa dattin kunne, amma ba ya dawo da jin da ƙara ta kashe. Maganin nan rigakafi ne.

Abin yi:

1. Gyara salansa kafin tafiya. Ban da ƙara, hayaƙinta in ya shigo mota yana kawo ciwon kai da gyangyaɗi, har kisa yana yi.
2. Ɗaga gilas in ana gudu, musamman na gefen direba, don kunnen hagu ne yake shan wahala. A bar 'yar kafa saboda iska.
3. Fasinja ya nemi abin toshe kunne na soso a kemis. Auduga ba ta tare komai sosai. Direba kuwa kada ya toshe nasa, yana bukatar jin ham.
4. Tsaya duk bayan awa 2, ko da minti 15. Yi alwala, yi sallarka ta ƙasaru, miƙe ƙafa, sha ruwa.
5. In hamma ta fara, faka ka yi ƙailula ta minti 20. Goro da shayi ba su biyan bashin barci, balle ƙwaya.
6. Guji tuƙin tsakar dare, da maganin mura mai sa barci irin Piriton.

In ƙugin kunne ya kwana biyu bai tafi ba, ko jinka ya ragu farat ɗaya, ga likitan kunne ba tare da jinkiri ba.

Maigida, uwargida da yara suna bayanka, kunnensu ma yana hannunka. Gara a isa a makare da a ƙi isa.

Allah Ya tsare hanya, Ya bar mu da jinmu da ganinmu. A tura wa direbobin da aka sani.