Kafin ka biya kuɗin koyon kareti, ka fara bincikar malamin

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. A satin nan kaɗai ƙannenmu uku 'yan aji ɗaya sun tare ni bayan sallar Juma'a da tambaya iri ɗaya: "Yaya, ina za mu je mu koyi faɗan kare kai?" Ɗaya daga cikinsu har ya riga ya tura rabin kuɗi ga wani da ya gani a Instagram. Shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Bara, wajen ƙarfe goma na dare, na fito daga ɗakin gwaje-gwaje zan koma inda nake haya a bayan makaranta. Yara biyu suka tare ni, ɗaya ya nuna min wuƙa, na miƙa wayata ba musu. Rabin bayanan bincikena na digiri na biyu suna cikin wayar nan. Amma wallahi ba asarar ce ta fi ci min rai ba, yadda na tsaya jikina yana rawa shi ne ya hana ni barci. Da wannan zafin zuciyar na shiga neman mai koyar da faɗa, kuma mai zafin zuciya ba ya bincike.

Na faɗa hannun wani matashi, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, da ke koyarwa a saman wani bene a cikin gari. Ya ce shi mai baƙin bel ne a tekwando, mataki na bakwai, kuma ya haɗa da kareti da kunfu da wani abu da ya ce sojojin Isra'ila ke koya. Ya yi min alkawarin baƙin bel cikin wata shida. Na biya kuɗin wata uku a dunƙule, kuɗin da na ware don buga kundina. A sati na biyu ya haɗa ni gwabzawa da wani tsohon ɗalibinsa, babu hular kare kai, babu robar kare haƙora, a kan tayil tsura. Ƙafa ɗaya ta same ni a gefen kai na zube. Da na tashi ina ganin jiri, sai ya ce in ci gaba, haka ake zama namiji. Kwana goma na yi ina fama da ciwon kai, ba na iya kallon kwamfuta. Likitan da ya duba ni ya ce ƙwaƙwalwata ce ta girgiza, kuma da na sake shan wani dukan a ranar, da labarin zai iya zama daban. Sufabaizana bai san dalilin da babi na uku ya makara ba har yau.

To ga ra'ayina, kuma a kansa zan tsaya: tambayar "wanne ya fi, kareti ko judo ko dambe?" ba ita ce tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce wa zai koya maka. Malamin kirki a kowane fanni ya fi maƙaryaci a fannin da ake ganin ya fi kowanne.

Daga baya na gano cewa ƙaryar wancan mutumin a fili take, ni ne ban san lissafi ba. A tekwando, cibiyar da ke ba da shaidar baƙin bel da duniya ta sani ita ce Kukkiwon, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, wadda aka buɗe a 1972. A tsarinta, daga mataki na ɗaya zuwa na biyu sai ka jira shekara 1, daga na biyu zuwa na uku shekara 2, haka abin yake ƙaruwa. Idan ka tara daga na ɗaya zuwa na bakwai, shekara 21 ke nan mafi ƙaranci, ban da shekarun da mutum ya yi kafin ya samu baƙin bel ɗin tun farko. Yaya ɗan shekara talatin zai ce ya kai nan? Kuma shaidar tana da lamba. Malamin gaskiya ba zai ji haushi ba idan ka ce ya nuna maka takardarsa, ya faɗa maka wanda ya koyar da shi, da kuma ko yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha ko ta ƙasa. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce ka raina shi, ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, abin da na je nema cikin gari da kuɗina yana nan cikin makaranta kusan kyauta. Jami'o'inmu suna da gasar NUGA tun 1966, kuma judo da tekwando da kareti suna cikin wasannin da ake yi. Ma'ana manyan jami'o'i da yawa suna da koci da ƙungiyar ɗalibai a sashen wasanni. Mu ne ba ma leƙawa. Daga aji sai masallaci sai ɗaki, ranar hutu mu tafi Sabo mu ci tuwo. Wani abokin karatuna Bayarabe ne ya ja ni wurin 'yan judo bayan na warke. Na tarar da wani dattijo mai furfura, ba shi da shafin Instagram, rigarsa ta koɗe. Da na ce masa daga Kano nake, sai ya yi dariya ya ce ai judo gadona ne, domin wanda ya ƙirƙiro shi a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano.

Sati shida cur mutumin nan bai koya min kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai yake koya min: ta baya, ta gefe, ta gaba, yadda za ka sunkuyar da haɓa kada ƙeyarka ta bugi ƙasa, yadda za ka daki katifa da hannu maimakon ka tokare da shi ya karye. Na ƙosa, har na ce masa, "Baba, yaushe za mu fara ainihin abin?" Ya ce ainihin abin ke nan. A damina da ta wuce ɗan acaɓa ya zame da ni a kan kwalta. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, kaina bai taɓa ƙasa ba. Tun da na fara koyo ban yi faɗa da kowa ba ko sau ɗaya, amma faɗuwar nan ta riga ta biya ni.

Don haka ga abin da nake ba ƙannena shawara su duba. Ka je ka zauna ka kalli darasi ɗaya ko biyu kafin ka biya ko sisi, gani ya kori ji. Kada ka kalli malamin, kalli ɗalibansa. Shin akwai waɗanda suka shekara biyu ko uku a wurin, ko kullum sababbin fuskoki ne? Yaya manya suke yi wa sababbi, suna sassauta musu ko suna huce haushi a kansu? Akwai katifa a ƙasa? Akwai akwatin magani? Idan wani ya bugu a kai, ana fitar da shi ya huta a tura shi asibiti, ko ana ce masa ya daure? Wurin da ake alfahari da yawan waɗanda aka ji wa ciwo ba makaranta ba ce. Sannan ka lura ko malamin yana gyara wa kowa kuskurensa ɗaya bayan ɗaya, ko yana tsaye ne yana ɗaukar bidiyon kansa.

Sai maganar gwabzawa. Wurin da ba a gwabzawa kwata-kwata, sai naushin iska da ihu, shi ma yaudara ce, domin ba za ka san abin da ka iya ba sai wani ya ƙi ba ka haɗin kai. Amma gwabzawa tana da lokaci da ƙa'ida: bayan ka iya kare kanka, da kayan kariya, da wanda nauyinku ya yi kusa, malami yana tsaye a kanku. Ku dubi waɗanda muke alfahari da su. Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a tekwando a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, tun yana yaro ya fara. Kamaru Usman ya shafe shekaru yana kokawa a sakandare da jami'a a Amurka kafin ya zama zakaran UFC a 2019. Babu wanda ya yi wata shida a cikinsu.

Game da wuƙa kuwa, a nan ne ake yi wa mutane ƙaryar da za ta iya kashe su. Duk malamin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa da hannu cikin sati biyu, ka yi wannan gwajin: sa farar riga, ka ba abokinka maka, ka ce ya yi ƙoƙarin zana maka ita da gaske na daƙiƙa ashirin. Ka ƙirga layukan da ke jikin rigar. Da na ba kocinmu labarin wayata, ina jiran ya nuna min abin da ya kamata in yi, sai ya ce abin da na yi shi ne daidai. Waya ana sayen wata. Na daɗe ban yarda da maganar ba, yanzu na yarda.

Na san wani zai ce, mu da muke da dambe da kokawa, me ya kai mu wasan Japan da Koriya? Ni ma na tashi ina jin labarin Shago da waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi masa, kuma idan na je gida ina zuwa kallon Kudu da Arewa da Guramaɗa. Ba na raina shi. Kokawa ma tushe ce mai kyau ƙwarai, duk wanda ya yi ta yana yaro za ka ga ya fi saurin kama judo. Amma ɗan dambe sana'arsa ke nan, ya yarda ya sha hannu mai ɗaure da zare a fuska babu kariya. Ni da kai da ƙwaƙwalwa muke neman abinci, iyayenmu don ita suka turo mu nan. Ba tsoro ba ne, lissafi ne.

Akwai abu ɗaya da ya fi karaya haɗari, kuma dole in faɗa. A wasu makarantun, 'yan ƙungiyar asiri suna farautar yaro baƙo, mai jin tsoro, wanda ba shi da kowa. Da "zo mu koya maka kare kanka" ake fara wa wasu. Alamomin a bayyane suke: horo da dare a daji ko kango, kada ka gaya wa kowa, sai an yi rantsuwa, za mu riƙa kare ka. Koyarwar gaskiya da rana ake yin ta, ƙofa a buɗe, kowa zai iya shigowa ya kalla, kuma ranar da ka ga dama ka daina zuwa babu mai bin ka. Idan wani ya matsa maka da irin wannan, ka gaya wa shugabannin ƙungiyar ɗalibanmu ko manyanka tun wuri.

Wasu kuma abin da ke hana su shi ne sunkuyawar gaisuwa da ake yi a waɗannan wasannin. Ni na gaya wa koci tun ranar farko cewa addinina bai ba ni damar rusunawa kamar mai ruku'u ba. Ya ce in tsaya a natse in gaisa da hannu, shi ke nan. Da azumi ya zo ya rage min nauyin atisaye ba tare da na roƙa ba. Wannan ma ma'auni ne: wanda ya kasa girmama ka a ƙaramin abu irin wannan, kada ka damƙa masa wuyanka. 'Yan uwa mata, ku ma kuna da haƙƙin koyo, kuma ana shiga gasar tekwando ta duniya da hijabi. Ku nemi wurin da akwai mace mai koyarwa ko manyan ɗalibai mata, ku je ku biyu ko uku. Malamin da ya fara maganar darasi na musamman ke kaɗai a ɗakinsa, kada ki sake komawa.

Maganar lokaci kuma, sau biyu nake zuwa a sati, awa ɗaya da rabi. Bai taɓa karatuna ba, hasali ma barcina ya gyaru. Kuma a kan katifar nan na samu abokai Yarabawa da Ibo da 'yan Neja Delta fiye da waɗanda na samu a aji. Yanzu idan dare ya yi min a ɗakin gwaji, akwai waɗanda zan kira mu taka tare. Wannan ya fi duk wani naushi da na koya kare ni.

Ƙanina da ya tura rabin kuɗi, na ce masa ya je ya nemi ganin takardar malamin da lambarta kafin ya cika sauran. Idan an nuna masa, madalla. Idan ba a nuna ba, ya ɗauka rabin nan kuɗin darasi ne ya biya, ya fi nawa araha. Ranar Talata da yamma zan raka su ukun sashen wasanni su zauna su kalla. Wanda yake wata makarantar, ya je nasa sashen ya tambaya, sannan ya faɗa mana abin da ya tarar domin na baya su amfana. Allah Ya tsare mu, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.